Yadda nake zana duwatsun Hada da fentin ruwa

Daga Makka nake hawa Hada, duwatsun da ke kan hanyar zuwa Ɗa'if, da sassafe a lokacin sanyi, sa'ad da hazo ke kwance a tsakanin duwatsu. Idan za ka gwada, nemi takarda mai kauri, mai nauyin gram 300 a kowace murabba'in mita; siririya tana shan ruwa sai ta lanƙwashe. Manna gefunanta a jikin allo.

Jiƙa saman takardar da ruwa zalla, ka zuba shuɗi kaɗan da ruwan toka, ka bar su su gauraya da kansu. Kada ka yi ta shafawa. Duwatsun nesa ka yi su fari-fari, suna ɗan ɗaukar shuɗi, haka ido yake ganinsu. Tun fentin yana da danshi, dangwala busasshen tsumma a gindin dutsen, hazo zai fito. Wannan wurin na fi so, har numfashi nake riƙewa.

Iskar can tana busar da takarda da wuri, sai ka hanzarta. Bayan ta bushe sarai, matse buroshi, ɗauko ruwan ƙasa mai duhu, ka ja shi a kaikaice don tsagogin duwatsun kusa. Abincinka kuwa bar shi a mota, akwai birai.