Yadda Ake Zaɓen Makarantar Koyon Likitancin Haƙori

Karatun likitancin haƙori doguwar tafiya ce. A Burtaniya digirin likitancin haƙori (BDS) yana ɗaukar shekara 5, a Amurka kuwa shekara 4 ne bayan an kammala digirin farko. Saboda haka, kafin ka duba kuɗi ko kyawun gine-gine, ka fara tabbatar da cewa hukumar da ke ba da lasisi a ƙasar da kake son yin aiki ta amince da makarantar. A Amurka hukumar CODA ce ke tantance makarantun, kuma a galibin jihohi wanda ya zo da digirin wata ƙasa sai ya ƙara aƙalla shekara 2 a makarantar da aka tantance. A Burtaniya ma, da yawa daga cikin waɗanda suka yi karatu a waje sai sun ci jarrabawar ORE kafin a yi musu rajista. Makarantar da hukumar lasisi ba ta amince da ita ba, ka cire ta daga lissafi komai arharta.

Daga nan sai ingancin horo, wanda a ganina shi ne ya fi cancantar ɓata lokaci a kansa. Aikin haƙori aikin hannu ne, kuma hannu ba ya ƙwarewa da karatun littafi kaɗai. Ɗalibi yakan fara koyon fafe haƙori da cike shi a kan kawunan roba a ɗakin gwaji, sannan a kai shi asibitin koyarwa ya yi wa mutane aiki a gaban malami. To, ka tambaya: a wace shekara ake fara ganin marasa lafiya? Ɗalibai nawa ke raba kujerar aiki ɗaya? Ciko nawa, cirewa nawa, wankin jijiyar haƙori nawa ake buƙatar ɗalibi ya yi kafin a yaye shi? Idan makarantar tana horar da likitoci masu neman ƙwarewa, ka bincika ko su ne ke ɗauke ayyuka masu wuya, a bar wa ɗalibai sassauƙa, domin wannan yakan faru ba tare da an rubuta shi a takardar talla ba. Ɗaliban ajin ƙarshe da waɗanda suka gama kwanan nan sun fi kowa sanin amsoshin, don haka ka nemi jin ta bakinsu, ka kuma nemi sakamakon makarantar a jarrabawar lasisi na 'yan shekarun baya.

Batun kuɗi kuwa, kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa a kan kuɗin makaranta na shekara ɗaya. Ka lissafa dukan shekarun, ka haɗa da masauki, sufuri, kuɗin jarrabawa da kayan aiki, domin a makarantu da yawa ɗalibi ne ke sayen kayan aikinsa ko ya yi hayarsu, kuma suna da tsada ƙwarai. Ka tuna cewa cunkoson darussa ba ya barin lokacin neman kuɗi a gefe. Idan bashi za ka ci, ka auna shi da abin da sabon likita ke samu a inda za ka yi aiki, saboda bashi mai nauyi yana hana mutum ci gaba da karatun ƙwarewa ko buɗe asibitin kansa. Makarantu biyu da aka tantance suna kai mutum ga lasisi iri ɗaya, don haka tsadar ɗaya sai ta zo da hujja.

Wurin da makarantar take yana shafar duk abubuwan nan. Babban birni yakan kawo marasa lafiya masu yawa da matsaloli iri-iri, amma haya a can ta fi tsada. Harshe ma abin dubawa ne, tun da ko da ana koyarwa da harshen da ka iya, mara lafiyar da ke kan kujera da harshen garinsa zai bayyana ciwonsa. Idan da hali, ka ziyarci asibitin koyarwar a ranar aiki, ka ga kujeru nawa ne ke aiki, da yadda malamai ke zagayawa tsakanin ɗalibai.