Yadda za ka tsara rediyon UWB mai tattalin batir don sito

Duk mai son saka na'urorin auna zafi da danshi a sito, a Garwa ko Marwa a arewacin Kamaru, ya fara riƙe wannan: a rediyon UWB (Ultra-Wideband, wato rediyo mai faɗin zango sosai), sauraro ya fi magana cin batir. Saƙonsa bugu ne gajeru na kimanin nanosakan 2, a faɗin zango akalla megahaz 500, kuma ƙarfin da aka yarje masa ɗan mitsitsi ne, -41.3 dBm a kowane megahaz, tun da hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta buɗe masa gigahaz 3.1 zuwa 10.6 a 2002. Amma DW1000, ɗan guntun lantarkin da ke aikawa da karɓar saƙon UWB, in ya kasa kunne, yakan ja sama da miliamfiya 100. In ya yi barci mai nauyi kuwa, ko mikro'amfiya ɗaya ba ya kaiwa.

To, ka raba wa na'urorin aiki. Masu sauraro ka kafa su a sama, ka jona su da sola, su kwana ido biyu. Ƙananan da ke cikin buhuna su farka, su aika awonsu, su koma barci nan take. Ni na fi son gudun megabit 6.8 a sakan da gajeriyar gabatarwa (bugun share fage da ke zuwa kafin saƙon), don saƙon ya fita cikin ƙasa da milisakan ɗaya. Nisan yana raguwa, gaskiya ne, amma gara ka ƙara mai sauraro ɗaya da ka riƙa hawa tulin buhuna kana canza batura.

Idan batirin CR2032 ne, ɗan ƙaramin nan mai kamar kwabo, sai ka haɗa masa babban kafasita mai tara wuta, domin shi kaɗai ba ya jure jan wuta na farat ɗaya. Zafinmu na Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, balle a ƙarƙashin kwano. Yana gajiyar da batir, yana karkatar da kiristal mai megahaz 38.4 da ke riƙe wa rediyon lokaci, shi ya sa nake sa TCXO, wato kiristal mai gyara kansa in zafi ya canza, a masu sauraro.

Eriya kada ta jingina da ƙarfe, kuma kada ka bar tagulla a ƙarƙashinta a kan allon lantarkin. Akwati ya zama na roba, a toshe shi saboda ƙurar hunturu, sai 'yar ƙofar da iska za ta kai ga ma'aunin danshi. Gwajin nisa ka yi shi sito na cike, domin hatsi mai danshi da jikin masu dako suna shanye siginar. Kafin ka yi odar kaya, ka tambayi ART, hukumar kula da sadarwa ta Kamaru, zangon da ta amince da shi.