Kurakuran da masu hawa bishiya da injin zarto suka fi yi, da hanyar gyara su

Da zarar iskar farkon damina ta fara kaɗawa a Sakkwato, daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, wayar masu injin zarto ba ta hutawa. Reshen dogonyaro ya kwanta kan kwano a Mabera, mangwaro ya jingina da katanga a Runjin Sambo, bishiyar turare ta karkata wajen wayar wuta a Arkilla. Kowane mai gida so yake a sare yau kafin wani hadarin ya taso. Lokacin samun kuɗi ke nan, kuma lokacin da aka fi jin rauni, domin aikin jinga ne, kowa na sauri ya gama ya wuce gida na gaba. Ni da riƙon igiya a ƙasa na fara kafin maigidana ya yarda in hau, kuma abin da ya fara cusa mini a kai shi ne: a ƙasa, in icce ya yi gardama, kana iya sakin inji ka ruga. A sama babu wurin gudu. Yawancin kurakuran da zan faɗa daga mance wannan suke fitowa.

Tun kafin a hau ake fara yin kuskure. Mutum ya zo, an yi ciniki, ya tuɓe takalmi ya kama hawa bai zagaya bishiyar ko sau ɗaya ba. Tsohon dogonyaro yakan yi kore shar a waje alhali gara ta cinye cikinsa. Ɗauki ƙotar gatari ka bubbuga gindin, in ka ji yana amsawa kamar ganga, akwai kogo. Duba ko ƙasa ta tsage ko ta ɗago a gefen saiwa. Ɗaga kai ka nemi busassun rassa da suka maƙale, da zuma, da gidan rina, domin wanda rina ta rufe a sama da inji a kunne yana cikin halin da ba a fata. Sai wayar wuta. Kada kai ko inji ko reshen da za ka yanke ku kusance ta ƙasa da mita 3, manyan layuka kuma a ƙara nisa. Ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta ya kai maka har hannu. Maganar da na fi tsoro a bakin masu gida ita ce "ai babu wuta tun jiya". Ana iya kawo ta kana tsakiyar yanka. A je ofishin wuta su kashe layin da kansu, in ba haka ba a bar aikin.

Na biyu, igiya. Wasu ba sa ɗaurawa sam, sai su harɗe reshe da ƙafa, wasu kuma su ɗaura igiyar guga a ƙugu. Igiyar da aka zarga a ƙugu kawai, in ka faɗo ita da kanta tana iya karya maka haƙarƙari ko ta zame zuwa ƙirji ta shaƙe ka. Abin da ake buƙata ɗamarar hawa ce mai kama ƙugu da cinyoyi, da igiyar da aka yi don ɗaukar mutum. Kuma duk lokacin da inji zai yi aiki, wuri biyu za ka ɗaure: doguwar igiya a wani ƙaƙƙarfan reshe sama da kai, gajera kuma zagaye da jikin bishiyar. In da hali gajerar ta zama mai waya a ciki, ko da yake ita ma ba a kai ta kusa da wutar lantarki.

Na ga amfanin haka da idona a wani gida wajen Gawon Nama. Abokin aikina yana rage wani dogonyaro, ganye ya rufe igiyarsa da ta ratsa bayan reshen, sarƙar inji, wadda haƙoranta ke yankan, ta ɗan lashe ta kawai, sai muka ga guntun yana lilo. Gajerar igiyar ce ta riƙe shi. Da ya sauko hannunsa na rawa har ya kasa riƙe kofin ruwa. Maigidanmu bai yi faɗa ba, sai ya ce, "Ɗana, kullum ka taɓa igiyarka da hannu kafin ka taɓa icce da inji." Tun ranar, kafin kowane yanka sai na bi igiyoyina biyu da hannu na tabbatar inda suka bi.

Akwai kuma hawa da injin da bai dace ba. Babban injin nan na masu tsaga katako, irin Stihl 070, nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a sa masa mai ba, kuma yawancinsu ba su da birkin sarƙa. Na ƙasa ne, ba na sama ba. Ƙananan da aka ƙera don masu hawa ba su cika kai kilo 4 ba. Kada ka hau da inji a kafaɗa. Yaronka ya tayar da shi a ƙasa ya ɗumama, ya kashe, ya sa birki, sannan ka jawo shi da igiya bayan ka zauna daram. In za ka tayar a sama, birki a kulle, ka tokare shi da jikin bishiya nesa da igiyoyinka. Wannan salon na wurga inji ƙasa da hannu ɗaya ana fizgar igiyar tayarwa da ɗayan, burgewa ce da ta yanke cinyoyi da yawa.

Yanzu ga wanda ya fi kowanne saurin illa, wato harbin inji. Sarƙa tana gudun da ya kai kimanin mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Idan ɓangaren sama na hancin ƙarfen da take zagayawa ya taɓa wani reshe, ko ƙusa, ko icce ya matse shi, sai injin ya yi tsalle baya ya nufo fuska da kafaɗa, kamar harbin jaki, kafin ka ƙifta ido. A cikin bishiya mai cunkoson rassa irin mangwaro, hancin yana taɓa abin da ba ka gani. Gyaransa: hannu biyu a kan inji kullum, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙi ta ƙasa, kada ya kwanta a kai. Ka kauce daga layin sarƙa, kanka ya kasance a gefe, ta yadda ko ya yi harbi zai wuce ta gefen kafaɗarka. Kada ka yi yanka sama da kafaɗa, gara ka ƙara hawa. Masu riƙe reshe da hagu suna yanka da dama su ne suka fi zuwa asibiti da hannun hagu a yanke. In reshen ƙarami ne har kana iya riƙe shi, to zarton hannu ya ishe shi. Kuma a bincika ƙusa, domin bishiyoyin bakin titi da na ƙofar shago cike suke da ƙusoshin allon talla da wayar shanya da ɓawo ya haɗiye.

Yanke reshe da sara ɗaya daga sama shi ne kuskuren da kusan kowa ya fara da shi. Kafin sarƙa ta fita, nauyin reshen ya karya shi, ya ɓare ɓawo ya tafi da shi har ƙasa, wani lokaci ya fizge injin ko ya dawo ya doki mai yankan. Bishiyar kuma ta sami rauni mai faɗi da gara za ta bi. Yanka uku ake yi. Na farko daga ƙasan reshen, kamar santimita 30 daga jikin bishiya, zurfinsa kashi ɗaya cikin uku na kaurin reshen. Na biyu daga sama, ɗan gaba kaɗan da na farkon, nan reshen zai ɓalle tsaf ya faɗi. Na uku ka cire dungun da ya rage, daidai gaban kumburin nan mai kama da wuyan riga inda reshe ya haɗu da uwa. Kada ka shafe kumburin, da shi bishiya take rufe ciwonta, kada kuma ka bar dogon dungu ya ruɓe.

Reshen da iska ta karya ya jingina da kwano ko katanga nasa daban ne, kuma shi ne aikin damina. Tunda kansa ya tokare, samansa ne a matse, ƙasansa a miƙe. In ka yanka daga sama kamar kullum, zai cije sarƙar ya riƙe. A nan ɗan tsaga kaɗan ake yi a sama, a ƙarasa daga ƙasa. Ƙa'idar ita ce ka tsaya ka karanta wane gefe ne a matse, ka fara ɗan yanka can, ka ƙarasa ta gefen da yake a miƙe. In inji ya maƙale, kashe shi, ɗaure shi a jikin bishiya da igiyarsa daban, sannan ka ɗaga reshen ko ka kuɓutar da shi da zarton hannu. Kada ya kasance ɗaure a ɗamararka lokacin, domin in gungumen ya tafi da shi, da kai zai tafi.

Wajen sare kan bishiya ko babban gungume a tsaye, a buɗe baki a gefen da ake so ya faɗi, a yanko daga baya, a bar ɗan tsakani kamar kashi ɗaya cikin goma na kauri ya zama maƙalar da za ta juya shi. Wanda ya yanke maƙalar gaba ɗaya ya saki linzami. Bishiyar turare da ta karkata takan tsage a tsaye kafin a gama, kuma in gajerar igiyarka tana zagaye da wurin, tsagewar za ta matse ka da jikin icce. Don haka a rage nauyi tukuna, a sauke guntu-guntu. Inda akwai rufi a ƙasa, kowane guntu a ɗaure shi da igiya ta daban, ba wadda kake rataye da ita ba.

Sarƙa marar kaifi tana sa ka danna da ƙarfi, dannawa kuma ke kawo zamewa. Ƙurar hunturu da yashin da ke maƙale a ɓawon itatuwanmu suna dakusar da ita da wuri. In ka ga inji na fitar da gari maimakon ɓarɓashi, sauko a wasa. Masu goge ƙananan tudun da ke gaban haƙora har ƙasa don inji ya riƙa ci da yawa suna ƙara masa harbi ne. Baƙin man mota kuma ba man sarƙa ba ne. Fetur a gauraya shi yadda kamfani ya ce, a yawancin na zamani mililita 100 na man da ake gauraya wa fetur (2T) a lita 5 na fetur.

Sutura ba sai an daɗe a kanta ba: hular kwano mai igiyar haɓa, tabarau, toshiyar kunne, takalmi mai rufi, wandon kariya in ana da shi. Ban da silifa, ban da riga mai faɗi ko rawani mai jela. A watan Afrilu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40, gumi na sa hannu santsi, jiri kuma ba ya sallama. A fara bayan asuba a sauko kafin rana ta take, balle in ana azumi.

Sai na ƙasa. Kada ka hau kai kaɗai, kuma wanda ke ƙasa ba ɗan kallo ba ne. Shi zai kori yara da masu babur, ya tare hanya, kuma ba ka sakin komai sai ka kira ya amsa. Ya kamata a ce ya iya hawa, akwai igiya ta biyu a ajiye, domin wanda ya suma yana rataye a ɗamara ba ya jure dogon jira. A aljihunka a sami bandeji mai kauri ko tsumma mai tsabta, in sarƙa ta taɓa ka ka danne wurin da ƙarfi tun kana sama. Kafin a tayar da inji kuma, a san wace mota ko Keke Napep ce za ta ɗauki mutum, da asibitin da ya fi kusa da gidan da ake aikin.