Darasi: Cututtukan Fumfuna a Bishiyar Kanumfari

Kanumfarin da muke zubawa a kunu da shayi ba a ƙasarmu ake noma shi ba. Daga Indunusiya, Madagaska da tsibiran Zanzibar da Pemba yake fitowa, inda ruwan sama yake da yawa. Wannan laimar ita ce abin da fumfuna ke so.

Bushewar rassa

Ita ce cutar da manomi zai iya tarewa da hannunsa. Lokacin girbi, masu tsinka suna hawa bishiya su janyo rassa, wasu su tsage. Ta wannan raunin fumfuna ke shiga. Ganyen reshen ya yi ja ya bushe, bushewar ta riƙa gangarowa zuwa gindi. In ka ɓare ɓawon, za ka ga itacen ciki ya rine, ya yi ja-ja mai duhu.

Kada ka yanke daidai inda bushewar ta tsaya, domin cutar ta riga ta wuce nan ta ciki. Yi ta yankewa ƙasa har ka ga itace mai tsabta, babu tabo. Yi amfani da zarto, adda tana ƙara tsaga reshe. Shafe wurin da ruwan Bodo mai kauri (maganin fumfuna ne, yadda ake haɗa shi yana ƙasa), ka ƙone abin da ka yanke a wajen gona. A girbi na gaba, a sa tsani.

Mutuwar farat ɗaya

Wannan ta kashe bishiyoyi da yawa a Zanzibar da Pemba. Babbar bishiya takan yi yaushi, ganye ya zube cikin ɗan lokaci, itacenta ya yi rawaya. Feshi ba ya dawo da ita. A sare, a tone kututture, a ƙone.

Ɗigon ganye da ruɓewar dashe

Baƙaƙen ɗigo a ganye da zubar toho sun fi yawa da damina. A wurin renon dashe kuwa, yawan ban ruwa da cunkoso ne ke ruɓar da saiwa. Cire wanda ya kamu, ka rage ruwa.

Haɗa ruwan Bodo

Jiƙa giram 100 na shuɗin gishirin kofa salfet a lita 5 na ruwa. A wani bokitin, dama giram 100 na ƙonanniyar farar ƙasa a lita 5. Bokitin roba, ban da na ƙarfe. Zuba shuɗin cikin farin kana motsawa. Tsoma wuƙa mai sheƙi na minti ɗaya: in ta fito da ja-ja, ƙara farar ƙasa, in ba haka ba zai ƙone ganye. A fesa a ranar, da safar hannu, a rufe hanci. In na shafawa a raunin reshe ne kuwa, giram 100 na kowanne a lita 1 kacal.

A Indunusiya akwai cutar Sumatra mai busar da bishiya daga sama. Ba fumfuna ba ce, ƙwayar cutar bakteriya ce da ƙwari ke yaɗawa, ruwan Bodo ba ya yi mata komai.