Yadda na rabu da ciwon baya a wata na biyar

Cikina na shiga wata biyar, baya ya hana ni sakat, ƙafafu kuma suka kumbura. Ga zafin Sakkwato na watan Afrilu. Sai na koma wuni a kan tabarma, ashe kwanciyar ce ke ƙara min ciwon.

Ranar awo malamar asibiti ta duba hawan jini da fitsari, ta ce lafiya lau, motsi ne babu. Yanzu bayan Asuba, kafin rana ta buɗe, nakan zaga unguwa minti 20 da gorar ruwa a hannu. Da dare kwanciyar gefen hagu nake, filo tsakanin gwiwoyi. Ɗaukar jarka kam na bar wa ƙanwata. Inna har yau cewa take, "Ke 'yar nan, zauna mana!"

Cikin sati biyu takalmina ya koma shiga.