Yadda na gyara makullin yatsa bayan na sa sikirin-gad

Ina sa wa wayata Samsung sikirin-gad na gilashi, sai makullin yatsa ya daina gane ni. In ɗora babban yatsa, in danna, shiru. Mai gyara ya ce in ɓamɓare gilashin in huta, ni kuwa ban yarda ba. Ƙurar hunturu cike take da ɓarɓashin yashi, yashi kuma ya fi gilashin waya tauri, shi ne ke zana fuskarta a cikin aljihu.

Tun daga Galaxy S10 ta 2019, manyan wayoyin Galaxy S, irin tawa, da sauti suke karanta yatsa ta ƙarƙashin sikirin, don haka iska kaɗan tsakanin sikirin-gad da sikirin takan hana su aiki. Da na karkata wayar a hasken taga, sai ga farin tabo daidai wurin ɗora yatsa, gam bai kama ba. Na naɗe katin ATM da ƙyalle, na tura iskar a hankali har ta fita ta gefe.

Sannan na shiga saitin, na kunna Touch sensitivity, wato abin da ke ƙara wa sikirin jin taɓawa, a sashen Display, na goge tsohon zanen yatsana, na sake ɗauka da gilashin a kai. Yanzu da taɓawa ɗaya take buɗewa.