Yadda ake hana laburaren da ba'a buƙata maƙalewa a firogram ɗinka

Ka haɗa firogram a Garwa, ka tura ma abokinka a Marwa, ya ƙi tashi wai babu libssl (wani laburare, wato tarin kod da firogram ke kira), alhali ko sau ɗaya baka kira shi a kod ɗinka ba. Toh yanzu sai ya ƙona data ya sauke abinda ba zai yi amfani dashi ba, ga koneksiyon yadda yake. Matsalar daga wajen configure take, wato matakin da ke neman laburare kafin a haɗa firogram.

Fara da dubawa kafin ka taɓa komai. Buga `readelf -d prog | grep NEEDED` (prog sunan firogram ɗinka ne) zaka ga duk laburaren da aka rubuta ma firogram ɗin, sannan `ldd -u -r prog` ya nuna maka waɗanda suke zaune a banza.

In autoconf (mai samar da configure) kake amfani dashi, nan ne mafi yawan ɓarnar. AC_CHECK_LIB in ya samu laburare cusa shi yake a LIBS (jerin laburaren da za'a haɗa dasu), kuma duk abinda za'a haɗa bayan nan sai ya ɗauke shi ko yana so ko baya so. Ka koma AC_SEARCH_LIBS, shi yana fara gwadawa ne ba tare da ƙarin komai ba, in fonkshon ɗin na cikin libc (babban laburaren C) shikenan. Misali clock_gettime, tun glibc (libc ɗin GNU) 2.17 ta koma cikin libc amma har yau mutane na kwafo -lrt (umarnin haɗawa da laburaren librt) daga tsofaffin Makefile, haka -lpthread da -ldl tun glibc 2.34 ta 2021 an haɗe su cikin libc.

A CMake (wani kayan haɗa firogram) kuma ka bar link_libraries, ka riƙa sa target_link_libraries da PRIVATE. PUBLIC sai in hedarka (fayil ɗin .h) na buƙatar hedar wancan laburaren, in ba haka ba duk wanda ya jingina da kai ya gaji kayanka. Fayil ɗin .pc (wanda ke faɗin abinda laburarenka ke buƙata) ma haka, abin cikin gida ya tafi Requires.private da Libs.private.

Daga ƙarshe ka ƙara `-Wl,--as-needed` a LDFLAGS (zaɓuɓɓukan da ake ba linka) don linka ya bar duk laburaren da ba'a kira ba, amma dole ya zo kafin su -l ɗin, in ya zo baya wlh aikin banza ne. Meson (shi ma kayan haɗa firogram ne) shi yana kunna shi da kansa. Ni dai ban yarda mutum ya dogara da wannan kaɗai ba, don configure zai ci gaba da neman fakitin da ba'a buƙata. Kuma a kula, laburaren da ke rajistar kansa lokacin lodi ba tare da ka kira shi ba, --as-needed zai iya zubar dashi, shi sai ka sa masa `-Wl,--no-as-needed` a gabansa. Ka sake haɗawa ka maimaita readelf.